Rashin takardar kwamfuta ba ya hana ka shiga koyon aikin manhaja

Duk lokacin da aka buɗe guraben koyon aikin ƙirƙirar manhaja, irin wanda kamfani ke ɗaukar mutum yana aiki yana koyo ana kuma biyansa, sai ka ga waɗanda suka karanta adabi ko tarihi ko kasuwanci a sakandare sun ja da baya tun ba su karanta sharuɗɗan ba. Wai ba su yi kwamfuta ba, ba su yi kimiyya ba. A ganina tsoron nan bai da tushe, kuma yana sa mutum ya ɓata shekara wajen neman abin da ba a tambaye shi ba.

Duba ƙasashen da tsarin ya kafu. A Jamus, koyon aikin da suke kira Fachinformatiker shekara uku ne, kuma doka ba ta gindaya wata takardar makaranta ba, kamfani ne ke zaɓar wanda ya ga dama. A Ingila akwai mataki na 3 da na 4 da na 6, kuma a na 6 ɗin ne ake fita da digiri. Abin da aka fi nema a tallan guraben shi ne cin Turanci da lissafi a jarrabawar GCSE, wato jarrabawar sakandare ta can, da maki 4 zuwa sama. Gaskiya ne wasu guraben mataki na 6 kan nemi lissafi mai zurfi, don haka wanda bai da shi ya fara da na ƙasa. Amma darasin kwamfuta kansa ba kasafai ake wajabta shi ba, don makarantu da yawa ba sa ma koyar da shi.

To me kamfani ke dubawa? Yana son ya ga ko ka taɓa gina wani abu ka gama shi, kuma ko za ka iya bayanin yadda yake aiki.

Zaɓi harshen rubuta manhaja ɗaya ka tsaya a kansa, Python ko JavaScript. Masu tsalle daga wannan harshe zuwa wancan duk sati su ne ke cika shekara ba su iya ko ɗaya ba. Darussan CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne a intanet, haka freeCodeCamp da The Odin Project. Awa ɗaya kullum na wata huɗu zuwa shida ya fi awa takwas ranar Asabar kaɗai, don hannu ne ke sabawa. Babban tarkon shi ne kallon bidiyo. Za ka bi malami kana kwafar abin da yake rubutawa, komai na tafiya daidai, ka ɗauka ka iya. Rufe bidiyon ka buɗe shafi fari, nan za ka gane gaskiya.

Sai aikin da za ka nuna. Kada ka kawo kalkuleta ko jerin ayyukan yini da kowa ya kwafa daga darasi ɗaya. Gina ƙaramar manhaja ta rubuta kuɗin shiga da na fita: shafin shigar da bayani, ma'ajiyar bayanai ta SQLite, da shafin da ke tara jimillar wata. A nan ne koyo na ainihi yake, don abubuwa za su lalace. Wani zai bar gurbin adadi babu komai, manhajar ta faɗi. Wani zai rubuta harafi inda ake son lamba. Za ka haɗa 0.1 da 0.2 kwamfuta ta ba ka 0.30000000000000004, saboda yadda take ajiye lambobi masu ɗigo, sai ka koyi ajiye kuɗi a mafi ƙanƙantar ƙwayarsa, kamar kwabo, a matsayin cikakkiyar lamba. Ɗan takarar da ya iya ba da labarin wannan matsala da yadda ya warware ta ya wuce mai takarda goma da bai taɓa cin karo da ita ba.

Ɗora aikin a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja, tun ranar farko, kana adana kowane ƙaramin canji da Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canje, tare da gajeren bayani. Mai dubawa kan leƙa tarihin canje-canjen. Idan ya ga duk aikin ya sauka rana ɗaya a dunƙule, zai yi zargin kwafe ne. Rubuta fayil ɗin README da ke faɗin abin da manhajar ke yi da yadda ake kunna ta. Kuma don Allah kada ka bar kalmar sirri ko makullin API, wato kalmar sirrin da manhajarka ke amfani da ita wajen shiga wata manhaja, a cikin rubutun manhajar, domin ko ka goge daga baya yana nan a tarihi.

Batun ChatGPT da ire-irensa: tambaye su bayani, amma kada ka miƙa layin da ba ka fahimta ba. A wajen ganawa za a nuna wani layi a ce canza shi ya yi kaza, nan asiri ke tonuwa.

Gwajin ganawar ma yawanci ba mai tsanani ba ne ga ɗan koyo. Shahararre shi ne FizzBuzz: ka lissafo 1 zuwa 100, inda lamba ta rabu da 3 ka rubuta Fizz, da 5 ka rubuta Buzz, da duka biyun FizzBuzz. Inda ake faɗuwa shi ne 15, don dole a fara duba sharaɗin duka biyun kafin sauran. Riƙa faɗin tunaninka a fili kana rubutawa, idan ka maƙale ka ce ka maƙale, ka faɗi abin da za ka gwada.

Abu ɗaya da za a kiyaye: duk inda aka ce ka biya kuɗi kafin a ɗauke ka, kwas ake sayar maka. A koyon aiki na gaskiya akwai kwantiragi a rubuce, da albashi, da sunan wanda zai riƙa duba rubutun manhajarka, da sa'o'in da aka ware maka na karatu a cikin lokacin aiki. Tambayi waɗannan huɗun kafin ka sa hannu.