Shekarun Abebe Bikila a kan keken guragu

Shekarata shida ke nan a Addis Ababa, kuma har yau idan na bi ta dandalin Meskel da asuba sai na tsaya kallon matasa suna gudu a kan matakalarsa, cikin sanyin da ke shiga ƙashi. A garin nan gudu sana'a ce, kuma Abebe Bikila ne kakan masu yin ta.

Kwanaki na ari littafin tarihin rayuwarsa a wurin wani dattijo maƙwabcina. Da na mayar masa, muka yi ta gardama a kan kofin gahawa. Shi a ganinsa marubucin ya ɓata takarda a kan jinya. Abin da yake so a ba shi shi ne daren 10 ga Satumba 1960 a birnin Rum, a tseren gudun fanfalaki na wasannin Olamfik: Abebe, dogarin Sarki Haile Selassie, yana gudu ba takalmi, ya wuce hasumiyar Aksum da Italiya ta kwashe daga Habasha a 1937, ya bar Rhadi ɗan Maroko a baya, ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Sai kuma Tokyo a 1964, inda ya sake cin zinare makonni kaɗan bayan an yi masa tiyatar afendis. Dattijon ya ce, "Ɗana, a nan ya kamata a ajiye alƙalami."

Wallahi na fahimce shi, don haka na taso. A wurinmu jarumi a bakin makaɗi yake rayuwa. Wanda ya san Shago a dambe, yawanci ta bakin Ɗan Anace ya san shi, kuma kirari ba ya faɗin ranar da hannu ya daina ɗaguwa. Ɗan damben unguwarmu da muke bi da gudu muna yara, da ya tsufa a gindin wata bishiya yake yini, babu mai tambayarsa komai. Labarinsa ya ƙare ranar da ganga ta yi shiru.

Shi ya sa shafukan da maƙwabcina ya ƙi su ne suka fi kama ni. A 1968 a Meziko ƙafa ta hana Abebe gama tsere, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. A 1969 motarsa ƙirar Volkswagen ta kife da shi, ƙafafun da duniya ta sani suka shanye. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya yi watanni. Mutumin nan bai kwanta ya jira mutuwa ba. Ya koyi harbin kibiya daga kan keke, ya shiga gasar naƙasassu a 1970. A 1972 ya je wasannin Olamfik na Munich a matsayin baƙo, jama'a suka miƙe tsaye don girmama shi. Allah ya karɓi ransa a Oktoba 1973 yana da shekara 41.

Waɗannan shekaru huɗu sun fi nuna mini ko wane ne shi fiye da lambobin zinare biyu. Na faɗa wa dattijon haka, ya girgiza kai, ya ce ni baƙo ne, ban ga ranar da aka tarbi Abebe daga Rum ba. Gaskiyarsa, ban gani ba. Amma na riga na sa ƙanena a Kano ya je ya nemo mini tsohon ɗan damben nan, idan yana da rai, ya ɗauki muryarsa a waya tun daga ranar da ya bar fage.