Kawaici ya haɗu da kawaici a Japan

Shekaranjiya da ƙarfe huɗu na asuba wayata ta yi ƙara. Ƙanin wani abokina ne da ya sauka Japan kwanan nan don karatun digiri na biyu. A wajensa sha biyun rana ce, tunda sun riga mu da awa takwas, kuma da alama bai tsaya lissafi ba. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, mutanen nan ba sa ƙaunata." Na ce me suka yi maka? Ya ce ai abin ke nan, ba su yi komai ba. Kwana tara babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, babu wanda ya tambaye shi ya gajiyar hanya, in ya shiga jirgin ƙasa kowa kansa a sunkuye kamar ana zaman makoki.

Na daɗe ina saurarensa, don ni ma na taɓa yin irin wannan kiran, da irin wannan muryar, shekarun baya da na je can karatu. Shi ya sa na ga gara in rubuta a nan, ko masu shirin tafiya da iyayensu za su ƙaru.

Shekarar karatu a Japan a watan Afrilu take farawa, lokacin da furen sakura ke buɗewa, amma da yawa daga cikinmu baƙi a Oktoba muke shiga, sanyi na kunno kai. Makon farko duk na takardu ne. Tun a filin jirgi ake ba ka katin zama, kuma doka ce ka riƙa yawo da shi ko shago za ka. Cikin kwana 14 da samun masauki sai ka je ofishin gunduma a rubuta adireshinka a bayan katin, ka shiga inshorar lafiya ta ƙasa wadda ke sa ka biya kashi 30 kawai cikin ɗari na kuɗin asibiti, sannan ka buɗe asusun banki. A nan za a rubuta sunanka da katakana, haruffan da suke rubuta sunayen baƙi da su, ka ji an kira shi ka waiga kana neman mai sunan. Abin da ya ba ni dariya shi ne bakinsu irin namu ne, ba sa son kalma ta ƙare babu wasali. Mu muka ce bokiti, su suka ce baketsu. Mu tebur, su teburu.

Duk wannan mai sauƙi ne, don jami'o'i da yawa suna haɗa baƙo da wani ɗalibi Bajapane da zai riƙa raka shi ofis-ofis. Wahalar tana farawa ne ranar da takardu suka ƙare, ka koma ɗakinka mai faɗin tabarma shida, ka rufe ƙofa.

Ni abin da ya fara rikita ni alƙibla ce. Mun tashi gabas da alƙibla abu ɗaya ne a bakinmu, har cewa muke yi wane ko gabas ba ya kallo. Daren farko na shimfiɗa sallaya na fuskanci inda nake zaton rana za ta fito, sai wayata ta nuna min cewa na ba wa Ka'aba baya. A Japan yamma ake kallo, a ɗan karkata arewa. Na juya sallayar, amma jikina bai yarda ba sai da aka yi makonni. Daga ranar na gane cewa duk abin da na ɗauka haka duniya take, sai na sake dubawa.

Sai shara. Na tara komai a leda ɗaya, gwangwani da ɓawon ayaba da robar ruwa, na kai inda na ga ana ajiyewa. Da na dawo da yamma an kwashe ta kowa, tawa tana nan ita kaɗai, an manna mata takarda. Babu wanda ya ce min uffan. Maƙwabcina ya wuce ni ya ɗan rusuna, ya yi murmushi, ya shige. Ashe kowace irin shara da ranarta: mai ƙonuwa daban, wadda ba ta ƙonuwa daban, gwangwani daban, robar ruwa ma sai ka cire marfin, ka ɓare takardar jikinta, ka ɗauraye ta. Kuma da safe ake fitarwa. An ba ni jadawalin tun a ofishin gunduma, na cusa a jaka ban duba ba. A unguwarmu da tuni wani dattijo ya kira ni ya wanke ni tas, magana ta wuce. A can kuwa ledar ce ta yi magana, kuma ta fi faɗan dattijo ciwo.

Haka ranar farko da na shiga zaman da malami ke yi da ɗalibansa duk mako, wanda suke kira zemi. An ce ƙarfe goma. Na iso goma da minti bakwai, ina ji a raina na yi sammako. Na tarar kowa a zaune, an rufe ƙofa, wani na tsaye yana bayani. Babu wanda ya harare ni. Malamin ya nuna min kujera da hannu, aka ci gaba. Sai bayan wata guda wani ɗalibi ɗan Indonesiya ya raɗa min cewa a nan in an ce goma, goma saura biyar ake nufi. Ƙasar da in jirgin ƙasa ya makara ana raba wa fasinjoji takardar shaida su kai wa shugabanninsu a wajen aiki, ai ka san minti bakwai ba wasa ba ne.

Wanda ya fi ci min lokaci shi ne wannan. Na kai wa malamin da ke duba aikina shawarar abin da nake so in bincika. Ya karanta, ya ja iska ta haƙora, ya karkata kai ya ce, "Muzukashii desu ne." Na duba ƙamus, ma'anarsa "da wuya fa". Na ce a raina ai in da wuya da daɗi, namiji ba ya gudun wuya. Na duƙufa mako uku ina aiki a kai. Ashe malam ya riga ya ce a'a tun ranar farko. Bajapane ba kasafai yake cewa a'a kai tsaye ba. Zai ce "chotto", wato "kaɗan dai", ya bar maganar a rataye, kai kuma ka ɗauko sauran. Suna ma da suna ga wannan fasaha, karanta iska, kuma wanda bai iya ba ana masa kallon maras lura.

To a nan ne nake da magana. Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Mu ne fa muke cewa "sai na duba" alhali mun gama yanke hukunci. Mu ne ake yi wa tayin abinci muna jin yunwa mu ce alhamdu lillahi. Mu ne uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Kunya, kara, kawaici, duk mun sha su a nono. Japanawa ma suna da nasu. Tun yana yaro ake koya wa Bajapane kada ya zama meiwaku, wato kada ya ɗora wa wani nauyi ko ya takura masa. Rashin ƙwanƙwasa maka ƙofa a wajensa ladabi ne, yana ganin ka gaji, kana buƙatar sararinka, kuma yana tsoron Turancinsa ya ba shi kunya a gabanka. Kai kuma kana ciki kana cewa ni baƙo ne, su ya kamata su fara nema na, ba zan zubar da girmana ba. Shi yana kawaici, kai kana kawaici, bango a tsakaninku, kowa na jiran kowa. Bambancin kawai shi ne namu kawaicin yana tafe da doguwar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi, sai zuciya ta yi ɗumi ko da ba a faɗi komai ba. Nasu kuwa ɗan rusunawa ne da kalma ɗaya. Rashin gaisuwar ne ke sa mu ji kamar an tsane mu.

Ko da yake suna da wata gaisuwa da na ji kamar a gida. In za ka bar ɗakin bincike da yamma, za a ce maka "otsukaresama desu". Da aka fassara min sai na ce ai sannu da aiki ce, ba ƙari ba ragi.

Abin da ya fara sauya min tunani liyafar maraba ce da 'yan ɗakin bincikenmu suka shirya. Na tafi gabana na faɗuwa, don na san za a sha giya, kuma naman alade a can yana shiga inda ba ka zato, cikin miya, cikin burodi wani lokaci, har da kayan zaƙi. Ga kuma mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a girki kamar yadda muke zuba daddawa. Makonnin farko da dunƙulen shinkafar nan na kanti, onigiri, da dafaffen ƙwai da ayaba na rayu. Harafin farko da na haddace a rubutunsu na kanji, tun kafin in iya rubuta sunan jami'ata, shi ne na alade. Da na isa wajen liyafar sai na tarar an ware min gefe guda: kifi, kayan lambu, shayi mai sanyi, da wata kaza da aka je har shagon halal aka sayo. Daga baya na ji cewa sun yi kusan mako suna bincike a intanet kan abin da Musulmi ke ci, suna ta shawara a tsakaninsu. Ni da nake zaune da su kullum, tebur na kallon tebur, babu wanda ya juyo ya tambaye ni. Ni kuma a wannan makon ne nake gaya wa mahaifiyata a waya cewa mutanen nan ba ruwansu da ni.

Sallah ma haka. Wata biyu ina yin azahar da la'asar a ƙarƙashin matattakalar bene, ina sauri kamar ɓarawo, in na ji takun mutum gabana ya faɗi. Ranar da na cire kunya na tambayi sakatariyar sashenmu ko akwai inda zan riƙa yi, ta ce in ba ta lokaci. Bayan kwana biyu ta miƙo min makullin wani ɗan ɗaki da ake ajiye tsofaffin kujeru, an share shi. Ta ce sun daɗe suna gani na a ƙarƙashin benen, sun ɗauka nan ɗin na fi so. Matambayi ba ya ɓata, mun sani tun muna yara, amma wata biyu na yi ban aikata ba.

Kada wani ya ɗauka ina wanke su ne da sabulu. Akwai abin da ba kawaici ba ne. Za ka zauna a jirgi ya cika maƙil, kujerar gefenka ta zauna babu kowa. In ka tashi barin masaukin jami'a, dillalin gidaje zai buga waya a gabanka, ka ji ya ce baƙo ne, ka ga ya ajiye wayar yana ba ka haƙuri. 'Yan sanda za su iya tsayar da kai a kan keke su duba rajistarsa da katinka, abokinka Bajapane ya wuce babu mai kallonsa. Waɗannan suna faruwa, kuma baƙar fata ya fi jin su. Gwamnatinsu ta cika burinta na ɗalibai baƙi 300,000 a 2019, ta sake sa 400,000 zuwa 2033, amma buɗe ƙofar jami'a ya fi buɗe ƙofar mai gidan haya sauƙi. Abin da nake cewa shi ne yaron da ya kwana tara bai kai ga rarrabe wannan da wancan ba tukuna, kuma in ya tattara duka ya kira su ƙiyayya, zai kulle kansa a ɗaki ya rasa mutanen da suke ta neman hanyar da za su kusance shi.

Mu ma da muka riga sababbin ɗalibai zuwa muna da laifi. Hoton sakura muke sawa, da na jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu, shinkansen, da na masallacin Tokyo Camii ranar idi. Ba ma sa hoton daren Disamba da rana ke faɗuwa tun wajen huɗu da rabi, kana zaune kai kaɗai da tukunyar shinkafa. Ba ma faɗin yadda ƙarar gargaɗin girgizar ƙasa ke tashi a waya da tsakar dare, ka diro daga gado kana salati, maƙwabcinka ko juyi bai yi ba. 'Yan uwa a gida kuma, don Allah a sassauta. Da an ji alawus ɗin tallafin gwamnatin Japan ya haura yen 140,000 a wata sai a buga shi da naira a fara turo buƙatu, alhali na farkon ma ba ya shigowa sai an yi makonni, kuma daga ciki za a biya haya, wuta, inshora da rigar sanyi. A bar yaro ya san hanyar kanti tukuna.

Da ƙanin abokin nawa ya gama, na ce masa abu uku kawai zai yi kafin ya sake kira na. Ya nemo jadawalin sharar nan ya manna a ƙofa. Ya je wajen ɗalibin da aka haɗa su ya tambaye shi, da bakinsa, inda zai yi sallah da inda ake sayar da naman halal. Ranar Juma'a kuma ya nemi masallaci mafi kusa ko da tafiyar awa guda ce, don a nan zai tarar da 'yan Indonesiya da Bangladash da Masar da suka riga shi cin wannan kwakwar. Na ƙara masa da cewa in zai kira, ya cire takwas daga agogonsa.

Jiya da daddare ya turo min hoto. Kwano ne na shinkafa da miyar kori a ɗakin cin abincin jami'arsu, da alamar halal a jikin allon. Ya ce ashe tun ranar da ya zo ake sayarwa, a hawa na biyu, shi kuma bai taɓa hawa benen ba. Yaron da aka haɗa su ne ya kai shi, kuma wai har ya tambaye shi yadda ake cewa otsukaresama da Hausa.