Dokar taba na nan, amma har yau kara-kara ake sayarwa

Kusan kullum sai ka ga an saka hoton mai ciwon daji a Facebook, da lambar asusu a ƙasa, ana neman taimako fisabilillahi. Muna turawa, Allah ya karɓa. Sai dai karo-karo ba zai taɓa rage yawan masu kamuwa ba. Doka ce ke iya wannan, idan aka yi aiki da ita.

Ku duba maganar taba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba tun 2005, amma sai da ƙungiyoyi irin su Nigeria Tobacco Control Alliance suka yi shekara goma suna safa da marwa a majalisa kafin Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taba ta ƙasa a 2015. Ƙa'idojin aiwatar da ita kuma sai 2019. Su ne suka sa yau kwalin sigari ke ɗauke da hoton gargaɗi mai tayar da hankali. Na yaba wa ƙungiyoyin.

To amma wa ke ganin kwalin? Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗaya, sai dai kwali mai kara 20. Je ka tasha, ko wajen mai tebur da daddare. Kwalin na buɗe kusa da alewa da ashana, yaro ya miƙa canjinsa, a zaro masa kara ɗaya, wani wurin har da leta ɗaure da zare don ya kunna nan take. Wani ma babansa ne ya aiko shi. Shi mai teburin, na tabbata da yawansu ba su taɓa jin an hana ba. Shekara 20 ko 30 nan gaba wannan yaron ne za a kai asibiti da sankarar huhu ko ta maƙogwaro.

Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin nan sun daɗe a Abuja da Legas. Aikin yanzu yana jihohi da ƙananan hukumomi: ƙungiyar 'yan kasuwa, shugabannin tasha, masu unguwanni, limamai.

An ma ga amfanin haka a rigakafin HPV, mai kare mata daga sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe matan Najeriya kusan 8,000 a 2020. Da aka fara shi a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Kano da Jigawa da Bauchi na cikin zangon farko, kuma jita-jitar hana haihuwa ta taso kamar yadda aka saba. Ba takardar Abuja ce ta shigar da ma'aikatan lafiya gidaje da Islamiyyu ba, sarakuna da malamai ne suka buɗe ƙofa. Me ya hana a nemi waɗannan mutanen kan kara-kara?