Abin da ke cikin kwalbar nan ba shi ne maganin da Amurka ta amince da shi ba

Wanda ya ɗauki bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp tun ranar Juma'a, da waɗanda suka yi ta tura shi zaurukan unguwanni suna rubuta "a yaɗa saboda Allah", duk sun cuci masu farfaɗiya a Sakkwato, kuma ba na ganin dalilin sassauta lafazi a kan haka. Kun dai gan shi: mutum zaune cikin mota, ya ɗaga ƙaramar kwalba wadda ba ta da suna, ba ta da lambar NAFDAC, ya ce man wiwi ne, ya ce Amurka ta tabbatar yana warkar da farfaɗiya, sannan ya ƙara da maganar da ta fi kowace muni, cewa duk wanda ya fara shan nasa ya ajiye ƙwayoyin asibiti domin wai suna kashe ƙwaƙwalwa. Madalla. Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na asibitin ƙwaƙwalwa na Kware su tattara takardunsu su koma gona, tunda Allah ya kawo mana gwani a kujerar gaban mota.

Tunda sunan Amurka ake kira, ga abin da Amurka ta amince da shi. A watan Yuni na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ba da izinin wani magani mai suna Epidiolex, wanda kamfanin GW Pharmaceuticals na Ingila ya haɗa. Sinadari guda ne ke aiki a cikinsa, wanda ake kira CBD, an tace shi daga tsiron wiwi, an raba shi da THC, wato sinadarin da ke bugarwa, kuma an auna shi har an san kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 100. Izinin ma ba na kowace farfaɗiya ba ne. An ba da shi ne domin nau'i biyu masu tsanani da ke farawa tun yarinta, Dravet da Lennox-Gastaut, sannan a 2020 aka ƙara na uku, wanda ke tare da wata cuta da ake haifar mutum da ita mai suna tuberous sclerosis. Waɗannan nau'o'i ne da ba kasafai ake samunsu ba, kuma mafi yawan masu farfaɗiya a duniya ba su suke fama da su ba. Ganyen wiwi kansa, ko hayaƙinsa, ko man da wani ya dafa a tukunya a bayan gida, FDA ba ta taɓa amincewa da ko ɗaya daga cikinsu a matsayin magani ba. Abin da ke cikin kwalbar nan ba shi ne Epidiolex ba.

Ko shi maganin na gaskiya, mene ne ya yi? Binciken da aka fi kafa hujja da shi an buga shi ne a 2017 a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine, kuma ya shafi yara da matasa 120 masu nau'in Dravet. Waɗanda aka ba CBD, yawan faɗuwarsu a wata ya sauko daga kusan 12 zuwa kusan 6, alhali waɗanda aka ba ruwan da babu sinadarin a ciki sun tsaya kusan inda suke. Ga uwar da ɗanta ke faɗuwa sau 12 a wata, wannan rahama ce babba, kuma ba zan raina ta ba. Amma kashi 5 cikin 100 ne kawai suka daina faɗuwa gaba ɗaya a tsawon binciken, wasu kuma sun yi fama da gudawa, amai, kasala da yawan barci, an kuma ga alamun wahala a hantar wasu, abin da ya sa duk wanda ke shan wannan magani ake gwada jininsa lokaci zuwa lokaci, musamman idan yana haɗawa da maganin farfaɗiya na asibiti mai suna sodium valproate. Abin da mai kwalba ba zai taɓa faɗa ba shi ne, duk yaran nan sun ci gaba da shan magungunansu na asibiti, an ɗora musu CBD ne a kai. Babu wanda aka ce wa ya zubar da ƙwayoyinsa.

Na san amsar da za a ba ni, domin an riga an fara rubuta ta. Wai ai ganye ne, halittar Allah ce, kuma daga gare shi aka ciro wancan maganin. Rogo mai ɗaci ma halittar Allah ne, kuma daga gare shi ake yin garin da muke sha, amma babu mai hankalin da zai ba ɗansa shi ɗanye ba a jiƙa ba, ba a matse ba, ba a soya ba. Wiwin da ake sayarwa a lungu ana nemansa ne domin ya bugar, saboda haka THC ne ya yi masa yawa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa yawan shansa yana ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman ga matasa. Wannan shi ne abin da ake so a ɗiga wa yaro ɗan shekara biyar wanda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta sha wuya.

A can Amurka ma, inda ake da dakunan gwaji a ko'ina, wasu masu bincike sun sayi kayayyakin CBD guda 84 ta intanet suka auna su, suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta JAMA a 2017: kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da aka rubuta a jikin kwalba ya dace da abin da ke ciki, kuma an samu THC a cikin guda 18. Waɗannan kwalabe ne masu suna da adireshin kamfani. To ina ga kwalbar da ba ta da ko takarda, wadda mai ita ya ce a turo kuɗi ta waya a zo a karɓa a bakin tasha? Kuma Epidiolex, lokacin da ya shiga kasuwa, kuɗinsa na shekara ya kai kimanin dala 32,500. Duk wanda ya ce yana sayar da irinsa a kan kuɗin buhun gero, to ko dai waliyyi ne ko kuma maƙaryaci, ni kuwa ban ga alamun walittaka a bidiyon ba.

Sai masu cewa sun ga wanda ya sha ya warke. Farfaɗiya ciwo ne mai zuwa ya tafi, mutum yana iya yin watanni bai faɗi ba ko da ruwan rijiya kawai yake sha, kuma a wannan tsakanin ne kowane mai magani yake karɓar godiya. Likitoci ba sa fara maganar rage wa mutum magani sai ya yi kamar shekara biyu ba tare da ciwon ya tashi ba, kuma ko a lokacin a hankali ake ragewa. Wanda aka gani ya yi sati uku lafiya ba hujja ba ne. Masu cewa kamfanonin magani ne suka saye ni kuwa, ina roƙonsu su taimaka su gaya wa kamfanonin inda nake, domin har yanzu saƙon bai iso ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda da sun ji kalmar wiwi sai su rufe kunne, su ce duk maganar ƙarya ce kuma ba ta halatta a yi ta ba. Su ma ba su taimaka ba. Epidiolex maganin gaskiya ne, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2019, Ingila ta sauya dokarta a Nuwamba 2018 domin ƙwararrun likitoci su iya rubuta magungunan da aka samo daga wiwi, kuma malamanmu sun san bambanci tsakanin allurar barci da ake yi wa mutum kafin tiyata da abin da ake sha domin a bugu. Hukuncin shari'a na bar wa masu shi. Idan muka ce babu komai a cikin maganar, sai uba ya bincika a wayarsa ya ga akwai, daga nan ya daina yarda da mu ya koma wurin mai kwalba.

Batun doka ma bai kamata a yi shiru a kansa ba. A Najeriya wiwi haramtacce ne a doka, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 tana kama mai noma shi da mai sayarwa da mai ɗauke da shi, kuma shugabanta, Buba Marwa, ya sha bayyana cewa ba ya goyon bayan halatta shi. Marigayi Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya yi ta kira a bari a noma shi domin magani, amma dokar ba ta sauya ba. Ke nan uwar da ta karɓo kwalbar nan ta saka a jaka, idan aka tare motarsu a hanyar Gwadabawa ko ta Wurno, ita ce za ta amsa tambayoyi, mai bidiyo kuwa ya sauya layin waya.

Iyayen yaran nan ba su nake zargi ba, wallahi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma duk wanda ya taɓa ganin uwa tsugune a kan ɗanta yana jijjiga, bakinsa yana kumfa, ba zai yi mata dariya ba don ta gwada abin da aka ce mata yana aiki. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, muna gardama a kan maganin dala dubu talatin alhali abin da ya rasa mana ya fi wannan arha nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano ciwon daidai aka ba su magani. Magungunan kuma ba baƙi ba ne: phenobarbitone, wanda ake amfani da shi tun 1912, da carbamazepine, da sodium valproate, da levetiracetam. Matsalarmu ita ce mutumin Isa ko Sabon Birni da hanya ta zama abin tsoro gare shi, da wanda kuɗin mota zuwa Sakkwato ya fi ƙarfinsa, da wanda ke raba ƙwaya biyu domin ta kai shi ƙarshen wata, da wanda ya daina sha saboda ya ji sauƙi. Ga kuma abubuwan da ke haifar da ciwon a nan, waɗanda yawancinsu ana iya kare su: doguwar naƙuda a gida da ke hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau irin wanda ya yi mana ɓarna a 2017, da buguwar kai a haɗarin kabu-kabu.

A irin wannan hali ne wani ya fito ya ce a ajiye ƙwayoyi. Daina waɗannan magunguna farat ɗaya, musamman phenobarbitone, yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, ɗaya na bin ɗaya ba tare da mutum ya farfaɗo ba, kuma wannan yana kisa. Wanda maganinsa ke sa shi barci ko kasala, ko macen da ke shirin ɗaukar ciki kuma tana shan valproate, wanda lalle yana iya cutar da ɗan tayi, su koma wurin likita ya sauya musu, domin akwai zaɓi. Wanda ya riga ya sayi kwalbar, ya gaya wa likitansa gaskiya, kuma kada ya tsallake ƙwaya ko ɗaya a kanta. Abin da ke ciki ba shi ne maganin da Amurka ta amince da shi ba, kuma zan ci gaba da maimaita haka ga duk wanda ya sake turo mini bidiyon.

Tunda an taɓo zancen, ku bar cusa wa mai farfaɗiya cokali a baki. Ba zai haɗiye harshensa ba, haƙoransa kawai za a karya. Kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko man ja, kada a yi masa hayaƙi a hanci, kuma don Allah kada a kai ƙafarsa kusa da wuta da sunan farfaɗo da shi. A janye abin da zai ji masa rauni, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a kwantar da shi ta gefe idan jijjigar ta lafa, a duba agogo, idan ta wuce minti biyar a nemi abin hawa zuwa asibiti. Yawunsa ba ya harbin kowa, saboda haka babu dalilin da zai sa jama'a su watse su bar mutum kwance a bakin kwata, ko a cire yarinya daga makaranta domin ta faɗi sau ɗaya a aji. Ga sanyi yana ƙaratowa, za a fara hura wuta a ɗakuna, masu irin wannan lalura a gida su tabbatar ba a bar su su kaɗai kusa da garwashi ba.