Waifai Kyauta a Duk Faɗin Gari: Wa Zai Biya a Shekara ta Uku?

Cikin alkawuran da 'yan takara suka koyi yi wa matasa a 'yan shekarun nan, akwai wanda ke saurin jawo tafi a wurin gangami: za mu baza waifai kyauta a duk faɗin gari, kowa ya hau intanet ba sai ya sayi data ba. Maganar tana da daɗin ji, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Ɗalibin da ke ƙirga megabait kamar mai ƙirga ƙwayar magani ba laifinsa ba ne in ya yi tafi. Ni ma da za a ba ni, ba zan ce a'a ba.

Sai dai akwai garuruwan da suka fi mu kuɗi, suka fi mu wutar lantarki, waɗanda suka riga mu bin wannan hanya shekara ashirin da suka wuce. Ya kamata mu san inda ta kai su.

A 2004 magajin garin Filadelfiya a Amurka, John Street, ya ba da sanarwar cewa za a lulluɓe birnin baki ɗaya, murabba'in mil 135, da intanet mara igiya. Duniya ta ɗauka. Manyan kamfanonin waya suka tsorata, har suka matsa wa majalisar jihar Fensilbaniya, inda birnin yake, ta yi dokar da ke taka wa sauran garuruwa birki kada su kwaikwaya. Aka ba kamfanin EarthLink aikin bisa sharaɗin da ya yi wa hukumar birnin daɗi ainun: kamfani ne zai zuba kuɗinsa ya kafa na'urori a jikin turakun fitilun titi, ya mayar da jarinsa daga masu biyan kuɗin wata, gwamnati ba za ta fitar da ko sisi ba. Kamfanin ya kashe kimanin dala miliyan 17. Masu biyan kuɗin ba su kai 6,000 ba, a birnin da ke da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi. A 2008 EarthLink ya naɗe tabarmarsa. Daga baya birnin ya sayi ragowar kayan a kan dala miliyan 2 don amfanin ma'aikatansa kaɗai. Na San Faransisko kuwa, wanda Google da EarthLink suka shirya tare, ya mutu a 2007 tun yana kan takarda. Hatta garin da hedikwatar Google take a Kalifoniya, wanda kamfanin ya yi wa waifai kyauta a 2006, an kashe tsarin a 2014 bayan ya zama sai a hankali.

Me ya kashe su? Akwai lissafin kasuwanci, amma kafin shi akwai halittar abin da kansa. An ƙirƙiri waifai ne don ɗaki da ofis, ba don gari ba. Na'ura ɗaya, in ta yi ƙoƙari a fili, ta kai mita ɗari. Bango ɗaya ya rage mata ƙarfi, na biyu ya kusa kashe ta. Sannan hira ce ta ɓangare biyu. Na'urar da ke kan turke tana iya ɗaga murya wayarka ta ji, amma wayarka ba ta da ƙarfin da za ta mayar da amsa. Shi ya sa za ka ga alamar sabis ta cika fal, amma shafi ya ƙi buɗewa. Na taɓa zama kusan awa biyu a wani ɗakin jiran jirgi ina kallon wannan cikakkiyar alama, saƙo ɗaya bai fita ba, har na haƙura na kunna datata. A Filadelfiya sai da aka gano cewa ana buƙatar na'urori fiye da yadda aka ƙiyasta, kuma duk da haka mutanen da ke cikin gidajen bulo ba sa samu sai sun sayi wata na'urar ƙarin ƙarfi.

To, ɗauko wannan ka ajiye a cikin birnin Kano. Katangar ƙasa mai kaurin kamu biyu, rufin kwano, zaure bayan zaure, lungun da Adaidaita ba ya shiga. Na'ura nawa za a kafa daga Jakara zuwa Mandawari kafin sabis ya isa tsakar gida? Kuma kowace ɗaya tana son abu uku: wuta dare da rana, igiyar da za ta haɗa ta da babban layi, da wanda zai hana a kwance ta cikin dare. Wuta kuwa mun san halinta. A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako cikin duhu. A ce sola za a saka, to batir yana da wa'adi, kuma duk wanda ya ga yadda fitilun titi masu sola da rijiyoyin burtsatsen ayyukan mazaɓu ke mutuwa bayan an yanke ƙyalle an ɗauki hoto, ya san ƙarshen labarin. Kafawa ba ta taɓa gagarar gwamnatocinmu ba. Riƙewa ce ke gagara.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: wa zai mori waifan da ke bakin titi? Samarin majalisa, masu zaman teburin mai shayi, 'yan acaɓa da ke jiran fasinja. Ba na raina su, suna da haƙƙi. Amma matar aure da ke sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp daga cikin ɗakinta, da budurwar da ke shirin jarrabawar JAMB wadda ba za a bar ta ta fita bayan magariba ba, su ne suka fi buƙatar intanet mai sauƙi, kuma su ne sabis ɗin kan titi ba zai taɓa isa gare su ba. Da kuɗin harajin kowa za a yi aikin, amma rabin gari ne zai sha romon.

Wani zai ce ai ba sai gwamnati ta biya ba, kamfanoni za su ɗauki nauyi su mayar da kuɗinsu ta hanyar talla. Wannan ma an gwada, kuma a nan gida. A watan Yulin 2018 Google ya ƙaddamar da shirinsa na Google Station a Legas, da burin kaiwa wurare 200 kafin ƙarshen 2019, daga baya ya iso kasuwar Wuse a Abuja. A Fabrairun 2020 kamfanin ya sanar da rufe shirin a duniya baki ɗaya, yana mai cewa data ta yi araha a wurare da yawa, kuma ya gagara mayar da abin kasuwanci mai riƙe kansa. Express Wi-Fi na Facebook, wanda shi ma ya yi aiki a Najeriya, an rufe shi a 2022. In waɗanda suka fi kowa iya cin kuɗin talla a duniya sun ce kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, ban ga yadda ɗan kwangilar da ya yi rajistar kamfaninsa bara zai iya ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa abin ba ya yiwuwa ɗungurungum, domin akwai inda ya yiwu, kuma dalilin yiwuwarsa shi ne darasin. Birnin Miniyapolis na Amurka ya shiga harkar a 2006, lokaci ɗaya da sauran, amma bai ruɗi kansa da kalmar kyauta ba. Ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin cikin gida, USI Wireless, cewa hukumar birnin da kanta za ta zama babban kwastoma, tana biyan dala miliyan 1.25 duk shekara har shekara goma don 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da sauran ma'aikata. Da wannan tabbaci kamfanin ya samu ƙafar tsayawa, ya sayar wa gidaje sabis a kan kuɗin wata, aka ware wasu wuraren taruwar jama'a aka bar su kyauta. Da gadar babban titin birnin ta rufta cikin kogin Misisipi a Agustan 2007, masu aikin ceto sun yi amfani da ɓangaren da aka riga aka kammala. An soki birnin da cewa a shekarun farko yana biyan abin da bai gama amfani da shi ba, kuma sukar tana da tushe. Amma tsarin ya rayu a lokacin da na maƙwabta ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A Afirka ta Kudu ma, birnin Tshwane, inda Firitoriya take, ya fara nasa a 2013, kuma bai ce zai rufe ko'ina ba. Wurare ya zaɓa, kusa da makarantu, ɗakunan karatu da unguwannin talakawa, ya kuma ƙayyade wa kowace waya abin da za ta sha a rana. Daga asusun birnin kuɗin ke fita. Tarayyar Turai, da ta raba wa ƙananan hukumomi Yuro 15,000 kowacce don kafa waifai a dandali da ɗakunan karatu, sai da ta gindaya sharaɗin cewa ƙaramar hukumar ce za ta biya kuɗin sabis da gyara na aƙalla shekara uku.

Saboda haka in gwamna yana da kuɗin da yake son zubawa a wannan fanni, ni a ganina ƙarƙashin ƙasa ya kamata su fara shiga, ba kan turke ba. Igiyar faiba ita ce bututun da kowane irin sabis ke sha daga gare shi, na waifai ne ko na turakun kamfanonin waya, kuma tana daɗewa shekaru masu yawa in masu aikin titi ba su tsinka ta ba. Abin da ya daɗe yana hana shimfiɗa ta shi ne kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama suka riƙa cajin dubbai. Kaduna ta yafe nata gaba ɗaya a 2020. Wannan mataki ba ya buƙatar bikin yanke ƙyalle, wataƙila shi ya sa ba ya burge 'yan siyasa, amma yana sauke wa kamfanoni nauyin da a ƙarshe kan mai sayen data yake komawa, har da matar nan ta cikin ɗaki.

Bayan igiya ta isa, sai a zaɓi wuraren da mutane ke zama na awanni, maza da mata: asibitin koyarwa, harabar jami'a da kwalejin ilimi, ɗakin karatu, tashar mota, kasuwa irin Kantin Kwari ko Dawanau inda ƙungiyar 'yan kasuwa za ta iya karɓar ɗan abin da za a riƙa gyara da shi, ta kuma sa ido kan kayan domin nata ne. Ma'aikatun gwamnati, waɗanda dama suna sayen intanet kowacce da nata ɗan kwangilar, a haɗa kuɗinsu wuri ɗaya su zama babban kwastoman da zai riƙe tsarin, yadda Miniyapolis ta yi. Wuri hamsin da ke aiki kullum za su ci ƙasa da abin da za a kashe wajen rataye akwatuna dubu biyar a kan turaku, kuma ɗan majalisar jiha da ke son bin diddigi zai iya zagaye su duka cikin kwana biyu da wayarsa a hannu.