Kafin a zuba siminti a turo'in Jazira

Jama'a, an dawo da maganar zamanantar da ban ruwa a Jazira, babban aikin noman ƙasar Sudan, kuma abin da aka fi ambata shi ne a shafe turo'i (jam'in tur'a, magudanar ruwan noma) da kankare, ko a kawo ban ruwan ɗigo. A ganina kuɗin ba nan ya kamata ya fara zuwa ba.

Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar a kan kogin Blue Nile, ruwa da ƙafarsa yake zuwa gona, ba injin da ke tura shi. Faddan (ma'aunin gona, kusan eka ɗaya) sama da miliyan 2 ne idan an haɗa da yankin Manakil, duk gangaren ƙasa ke ɗauke da su: daga babbar tur'a zuwa matsakaiciya, zuwa ƙarama, sai magudanar da ake kira Abu Ishirin, sai ƙaramarta Abu Sitta ta shigar da shi cikin hawasha, wato gonar manomi ɗaya. Ƙasar kuwa baƙar laka ce, da ta sha ruwa sai ta kumbura ta toshe kanta, abin da ke tsiyayewa ta ƙasa kaɗan ne. To yoyon me za a tare da kankare? Ga shi lakar nan tana darewa da rani, ta kumbura da damina. Kankaren da aka shimfiɗa a kanta tsagewa zai yi, ciyawa ta fito ta tsagar, karraka, wato motar haƙa, kuma ba ta da damar yashewa ba tare da ta farfasa shi ba.

Ku duba lissafin asali. Nimra ɗaya, wato jerin gonaki, faddan 90 ce, Abu Ishirin ɗaya ke shayar da ita ta bututu mai faɗin santimita 35. An tsara bututun ya wuce da kusan lita 116 a daƙiƙa, wato kubik mita 5,000 a awa 12 na yini. Faddan na buƙatar kamar kubik mita 400 a shayi ɗaya, nimra kenan 36,000. Kwana 7 an gama, a zagayo bayan kwana 14. Amma lita 116 ɗin nan ba ta fita sai ruwan ƙaramar tur'a ya hau saman bakin bututun yadda aka ƙiyasta. Tsayin ruwa ne maganar, ba yawansa kawai ba.

Nan ɓarnar take. Daga Yuli zuwa Satumba kogi na sauko da laka daga tsaunukan Habasha, ita kuwa ƙaramar tur'a an gina ta ne ta tara ruwa da dare a sake shi da safe. Ruwan da ya kwana tsaye dole ya ajiye lakarsa. Sai a kawo karraka, a biya mai ita gwargwadon abin da ya kwaso, ba wanda ya ɗora na'urar awo ya nuna masa inda gindin tur'a yake a zanen farko. Ya zurfafa, ya faɗaɗa. Gudun ruwa ya ragu, laka ta ƙara kwanciya, saman ruwa ya faɗi ƙasa da bututu. Mai hawasha yana kallon ruwa a tur'a, gyaɗarsa na yaushi, sai ya hayo injin dizal. Na gaba ya ja son ransa, na wutsiya ya kwana da ƙishi, kuma duk wanda ya san kambo, wato matsugunan leburorin gona, ya san su wa ke noman wutsiya da yarjejeniyar raba amfani.

Abin da zan sa a gaba: a auna kowace ƙaramar tur'a da na'ura, a kafa turakun siminti masu nuna gindi da tsayin ruwa, a biya ɗan kwangila bisa daidaiton aikinsa da zanen. Inda aka wuce gona da iri a cike a daddage. A mayar wa bututan Abu Ishirin murfinsu na ƙarfe mai kulle, domin bututun da aka toshe da buhu da laka ba ya rufuwa, ba ya aunuwa. Ƙofofin da suka yi tsatsa a sake musu sanda da noti, a riƙa shafa musu giris. A liƙa ma'aunin santimita a kowace mahaɗa, gafir, mai gadin ƙofofin ruwa, ya karanta safe da yamma ya tura ta waya. Wannan kaɗai zamani ne babba, ba sai an jira na'ura mai aiki da kanta ba, balle a wuraren da yaƙi ya bi aka kwashe ko wayar lantarki.

Dokar Jazira ta 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, amma tur'ar an yanka ta ne don juyin noma guda, inda wasu nimrori ke hutawa. Idan duk nimrorin tur'a ɗaya suka buɗe rana ɗaya, ko sabuwa ce fil ba za ta ɗauka ba. Dole 'yan tur'a su zauna kafin shuka su raba kwanaki.

Madatsar Annahda ta Habasha tana riƙe laka mai yawa yanzu, wanda zai rage yashewa. Sai dai ruwa garau rana na ratsa shi har gindi, ciyawar ruwa ta samu yadda take so. Kasafin da aka saba warewa karraka, a fara karkatar da wani kaso nasa zuwa yankan ciyawa da tumɓuke itacen miskit a gaɓar turo'i kafin ban ruwan alkama a Nuwamba.