Wanda aka rage daga aiki ya fara bin haƙƙinsa

Wani rahoto ya shawarci waɗanda aka rage daga aiki bayan sun haura shekara 40 da su koyi kwamfuta su sake neman wani gurbi, amma ya tsallake abin da ya kamata magidanci ya fara bi, wato haƙƙinsa. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin ragin da girmansa, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa wajen daidaitawa kan kuɗin sallama. Haka kuma Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 na asusunsa idan ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Da yawa ba su san da wannan ba, abin da ke ba ni takaici matuƙa.

Mutanen unguwar Kakuri da ke Kaduna sun ga abin da ya biyo bayan rufe masaƙar KTL ta Kaduna a 2002, inda ma'aikata suka shafe shekaru suna neman haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba a biya su ba.

Game da sabuwar sana'a kuwa, ina ganin wanda ya daɗe yana gyaran injin ko riƙe lissafi ya fi kyau ya nemi ƙananan 'yan kasuwa masu buƙatar wannan ƙwarewa, maimakon ya zuba kuɗin sallamarsa kaf cikin kasuwancin da bai san kansa ba.